Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma: Kayan Gyaran da Bai Kamata Motarki Ta Rasa Ba

Uwargida, idan kin taɓa bin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, kin san hanya ce mai daɗin kallo. Da damina gero da dawa sun rufe hagu da dama, ga duwatsu jefi-jefi, ga garken shanu na tsallaka titi ba gaggawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 zirga-zirga ta ƙaru, kuma yanzu ba abin mamaki ba ne ki ga mace da kanta a sitiyari, za ta wurin aiki ko duba ɗiyarta a makaranta.

Sai dai duk ɗan yankin ya san abu guda: ba mai son magariba ta riske shi a tsaye gefen wannan hanya, saboda matsalar 'yan bindiga. Waya ma ba kullum take ceto ba. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Wanda tayarsa ta yi faci a lokacin, abin da ke cikin but ɗinsa shi ne gatansa. Shi ya sa shirin tafiya daga garejin gida yake farawa.

Ki fara da abubuwa uku: jak, sufanar kwance taya, da safayar taya mai iska. Kada ki sayi sufana da ka. Notin tayar Corolla lamba 21 ne, na yawancin Honda 19, na Golf 17. Ki je da motar wurin mai sayarwa a gwada a gabanki. Ki zaɓi mai siffar kuros ko mai dogon hannu, domin masu faci kan ɗaure noti tamau, gajeriyar sufana ba za ta kwance miki shi ba. Ki haɗa da guntun katako mai kauri, don idan kin sauka daga kwalta jak nutsewa yake yi a cikin yashi.

Sai ƙaramar jaka: sufana lamba 10, 12 da 14, waɗanda suka fi amfani a motocin Japan, da filaya, da sukudireba mai baki biyu, da tocila, da fiyus na ajiya, da wayar jona batir. Lamba 10 ita ce ke ɗaure kan batir, kuma sau da yawa motar da ta ƙi tashi kan batir ne kawai ya saki. Gara ki sayi kaɗan masu nauyi a hannu da ki kwaso akwati guda na ƙarfen da zai lanƙwashe ranar farko.

A gida kuma ki ajiye gejin auna iska da famfon taya. Adadin iskar da motarki ke so yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ki duba gefen taya, akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya da zafin kwaltar watan Afrilu ba sa jituwa.

Yanzu bari in yi miki magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ƙunar da yake yi a fuska da hannu ba ƙarama ba ce. In ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20 sannan a nufi asibiti, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a bar inji na aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ankara ba. Fetur da man birki kuwa kada a zuba su a robar lemo, yara sha suke yi.

Kayan aiki ba su da amfani a hannun da bai saba ba. Ki sa maigida ko bakanikenku ya tsaya, ki canza taya da kanki sau ɗaya a tsakar gida, manyan yaranki na kallo. Ranar tafiya ki duba baƙin mai, ruwa da iska, ki fita da hantsi, ki kamo hanyar gida tun kafin la'asar. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo wa yankinmu da zaman lafiya.