Hamadar Da Ba Ta Da Iska

Duk wanda ya kalli shirin The Mandalorian, wanda kamfanin Disney ya fara nunawa a watan Nuwamban 2019, ya ga hamada: rairayi iya ganin ido, duwatsu, rana tana shirin faɗuwa. Da yawa daga cikin wuraren nan babu ƙafar ɗan wasan da ta taka su. A cikin wani ƙaton ɗaki suke kusa da birnin Los Anjalas na Amurka, kuma fiye da rabin zangon farko na shirin a nan aka ɗauke shi.

Ga yadda abin yake. An gina bango mai lanƙwasa kamar shingen garke, tsayinsa kusan mita 6, filin da ya kewaye kuma faɗinsa kusan mita 23. Bangon duka allunan haske ne irin na talabijin, sama da 1,300, an jera su babu tsaga, har da rufi. Kamfanin Industrial Light & Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975, shi ya haɗa shi, ya sa masa suna StageCraft. Hoton da ke bangon ba a tsaye yake ba. Na'urori suna bin motsin kyamara, kwamfuta kuma tana sake zana wurin nan take; a zangon farko da manhajar Unreal Engine aka yi hakan, wadda asalinta ta wasannin kwamfuta ce. In kyamara ta gusa, dutsen da ke kusa sai ya gilma da sauri, na nesa ya bi a hankali, kamar yadda kake gani ta tagar mota. Da wannan ake yaudarar ido.

Amfaninsa ba a ɓoye yake ba. A da, koren ƙyalle ake shimfiɗawa a bayan ɗan wasa, a ce ya ji tsoron abin da ba ya gani, daga baya a liƙa hoton. Jarumin wannan shiri kuwa sulken ƙarfe yake sawa mai ƙyalli kamar madubi, da koren zai bayyana a jikinsa ko'ina. Yanzu hasken bangon ne ke sauka a kan sulken. Sannan jan hasken nan na gab da magariba, wanda masu ɗaukar fim ke rububinsa domin ba ya daɗewa, ana iya tsayar da shi wuni guda. Lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, masu shirin 1899 na Netflix a irin wannan ɗaki suka kawo teku, kusa da Balin ta Jamus.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Muna yara, ranar sallah, mai hoto yakan tsayar da mu gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama. Bambancin shi ne babu wanda labulen ya taɓa ruɗa. Kowa ya san inda muke tsaye.

Ina jinjina wa wannan fasaha, amma abu biyu suna damuna game da ita.

Na farko, haƙƙin mutanen wuri. Fim ɗin Star Wars na 1977, wanda The Mandalorian ya tsiro daga jikinsa, a kudancin Tunisiya aka ɗauki hamadarsa, a gefen arewa na wannan Sahara tamu. Sunan duniyar jarumin ma, Tatooine, daga garin Tatawin aka samo shi. Har yau baƙi na zuwa Matmata su ga gidan cikin ƙasa da aka yi aiki a cikinsa. In ayarin fim ya sauka a gari, direba zai samu, kafinta zai samu, mai abinci da mai raƙumi da mai masauki duk za su samu. A sabon tsarin kuwa, mutane kaɗan ne za su zo da kyamarori, su ɗauki dubban hotuna, su tafi. Haka aka aika masu ɗauka zuwa Aisland da Chile domin The Mandalorian. Da zarar wurin ya shiga kwamfuta, ana iya kunna shi sau ɗari, mutanensa ba su sani ba balle su ga ko sisi.

Na biyu, iska. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas da hunturu ya san hamada ba kallo kawai ba ce. Ƙura tana shiga haƙori, leɓe yana tsagewa, mutum yana ƙanƙance ido, yana gyara rawani ba tare da ya yi niyya ba. Tafiyarsa ma sauyawa take. Ɗan wasan da ke cikin ɗaki mai sanyi zai iya kwaikwayon wannan, za a iya kunna masa fanka a watsa rairayi, amma iskar da ke jiran umarni ba ta ba kowa mamaki. Filin kuma mita 23 ne kacal, doki ba zai yi sukuwa a ciki ba. Shi ya sa nake yawan ganin 'yan wasa sun taru a tsakiya suna magana, duniya mai faɗi tana bayansu amma ba su shiga cikinta ba. Tony Gilroy, wanda ya shirya Andor a 2022 a ƙarƙashin wannan gida na Star Wars, bai bi ta bangon ba. Gari guda aka gina masa a Ingila, aka kuma hau tsaunukan Sukotland. In ka kalla za ka ji nauyin ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun mutanen. Zuwa da kai ya fi aike.

Duk da haka, ba na yaudarar kaina cewa bangon zai ɓace. Rashin tsaro ya sa manyan kamfanonin fim na gudun yankinmu na Sahel, kuma in har ƙasarmu za ta fito a irin waɗannan shirye-shirye, mai yiwuwa ta wannan hanya ce. Tambayar da ta rage ita ce wa zai ɗauki hoton, wa zai mallake shi. Manhajar Unreal Engine kyauta ake sauke ta domin koyo. Haɗa siffar gini daga ɗaruruwan hotuna aiki ne da matashi mai kyamara da kwamfuta da haƙuri zai iya ƙwarewa a kansa.

Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, wata rana tana iya tsayawa a jikin bango a Amurka. In ranar ta zo, fatana ya zama 'ya'yan garin ne suka auna ta, suka ɗauke ta, kuma da izininsu da farashinsu aka kunna ta.