Wasiƙa zuwa ga iskar asubar Fagge



Na san kin daɗe da barin mu, amma ke nake son yi wa magana, ke iskar da ake fitowa sallar asuba a cika ƙirji da ke, ba tari, ba ƙaiƙayin maƙogwaro. Dattawan Fagge sun san ki. Yaranmu kuwa, in ana kwatanta musu ke, sai su ɗauka labarin ƙauye ake ba su.

Idan aka tambayi mutanen unguwa abin da ya kore ki, hunturu suke ɗora wa laifi. Ban yarda ba. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana sauka Kano tun kafin a gina ganuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma kin zauna da shi shekara da shekaru. Yana tsattsage leɓe, yana kawo mura, wani lokaci ya hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, amma ruwan farko na zuba sai ki dawo tas. Abin da ya kore ki ba shi da rani, ba shi da damina.

Ki leƙa Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari da hantsi, idan an ɗauke wuta. Kusan kowane shago da janaretonsa a bakin ƙofa, ƙananan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, salansar na hura wa mai wucewa a lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Yaron shago a nan yake wuni, a nan yake cin abinci. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, mun zaci za ki ɗan leƙo, sai A Daidaita Sahu ta cike gurbin har ta yi ambaliya. Ga tayoyin da ake ƙonawa don babbakar ganda, ga bolar da ake cinna wa wuta da magariba, rabinta ledar fiya wata.

Hayaƙin da ya fi ci mini rai shi ne na cikin gida, domin ba a ganin sa daga titi. Matan da suka samu suka koma girki da gas, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, da yawansu sun koma gawayi da itace. Uwa na fifita murhu, idonta na hawaye, jaririnta na goye yana shaƙar abin da take shaƙa. In tari ya kama shi, numfashi ya fara sama-sama, sai a ce sanyi ne ya shige shi. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma hayaƙin girki na cikin abubuwan da ke buɗe mata ƙofa.

Masana na kiran mafi munin ƙurar da ke cikin hayaƙin nan PM2.5. Ƙwayarta ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, don haka gashin hanci ba ya tare ta. Tana wucewa can ƙarshen huhu, daga nan ta shiga jini. Shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya ga asma ba, har da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta yarda da shi daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita, matsakaicin shekara, domin ta gano ko kaɗan ɗin ma illa ne. Hukumar ta ce gurɓatacciyar iska na janyo mutuwar kusan mutum miliyan 7 a duniya duk shekara. Namu mamatan suna cikin wannan lissafi, sai dai a wurin ta'aziyya “gajeruwar rashin lafiya” kawai ake cewa.

Ba na ganin laifin mai shagon da ya kunna inji don ya ciyar da iyalinsa, ko matar da ba ta da kuɗin gas. Masu iko nake kallo. Akwai hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, akwai ma'aikatar muhalli a jiha, akwai ƙaramar hukuma da ke karɓar haraji a kasuwannin nan kullum. Daga cikin harajin nan a kafa na'urar auna iska a Kwari da Sabon Gari, a riƙa faɗin sakamakon a rediyo kowace safiya kamar yadda ake faɗin farashin hatsi, mai asma ya san ranar da zai sa takunkumi. A haɗa shaguna kan wutar sola layi-layi, a kwashe bola kafin wani ya cinna mata ashana, a sama wa masu babbaka gas su bar taya. Ranar da liman ya hau mumbari a masallacin Juma'a na Fagge ya yi huɗuba kan haƙƙin maƙwabci a kan hayaƙin injinka, ranar zan fara sa ran dawowarki.

Wassalam,
Wani ɗan Fagge