Bado da Kainuwa a Bayan Gidana a Badun



Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ba a kiwon bado, ba a kuma dashen kainuwa. Shi ya sa ake mata kirari da dashen Allah. Damina na sauka kududdufi zai cika su fito, rani na shigowa ruwa ya janye, kainuwa ta bushe, bado ya koma cikin laka ya kwanta sai baɗi. To a nan Badun abin ba haka yake ba. Ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba, ɗan kwamin siminti da na gina a bayan gida kuwa ba ya ƙafewa ko da rani. Saboda haka aikin da rani ke yi a gida, ni nake yin sa da hannuna.

Dalilin gina shi yarana ne. A Sabo aka haife su, kuma ban so su girma suna jin sunan bado a bakin kakarsu kawai ba. Zurfinsa bai wuce gwiwa ba. Sabon siminti yana da kaifi, don haka sai da na cika shi na zubar sau da yawa kafin na sa komai. Badon a tsohon baho na dasa shi, cikin laka mai danƙo, na rufe da tsakuwa don kada kifi ya tone. Yana son rana sosai, kamar awa 6 a yini. Farin furensa da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, saboda haka bayan Asuba muke zuwa kallo.

Kainuwa ce mai aiki. Saiwarta a ruwa take reto, tana tsotse dattin kifi, tana hana gansakuka. Amma idan aka ƙyale ta mako biyu ko uku sai ta rufe fuskar ruwan kaf, bado ya rasa haske, kifi ya taso sama yana haki. Duk Asabar nakan kwashe ta har sai rabin ruwan ya buɗe, in tsinke ganyen da ya ruɓe.

Maganar sauro kuwa haƙƙin maƙwabta ce, domin duk ruwan da ke tsaye abin tsoro ne. Akwai nau'in sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa tana shaƙar iska daga jikinta, wannan ma dalili ne na rage ta. Na zuba 'yan ƙananan karfasa suna cinye tsutsotsin. Maƙwabcina Bayarbe na kai shi ya gani da idonsa, don zama da mutane ya fi fure.

Abin da na kwashe ba na zubawa a kwata. A rana nake shanya shi ya bushe ƙarau, sannan ya zama taki a gindin ayaba. Masu zama Ikko sun san dalili. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke tare wa jiragen kwale-kwale hanya a Ikorodu, asalinta daga Kudancin Amurka ne, kyan furenta ya sa aka yi ta yawo da ita duniya. Wajen 1984 ta shigo ta Badagry daga Jamhuriyar Benin, har yau ana fama. Mu ma a gida mun ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, da ruwa ya daina janyewa kamar da. Manoma da masunta su suka ji a jikinsu.

Jama'a, mu baƙi ne a garin nan ko da an haife mu a ciki, kuma laifin ɗaya kan shafi unguwa duka. Wanda ke sha'awar irin wannan kwami ya gina ƙarami, ya rufe shi da raga idan akwai yara masu rarrafe, ya kuma tabbata zai iya dubawa duk mako. In ba zai iya ba, tukunyar fure ta ishe shi.

Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.