Zaɓen Jirgin Su a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon su a Argungu ya san gora. Idan masunta suka ruga cikin Matan Fada, za ka ga mutum da homa a hannu, ga kuma ƙatuwar gora ya kifa cikinsa a kanta tana ɗauke da shi bisa ruwa. Gora ba ta nutsewa domin iska ce cike da ita, mutum kuwa a kanta yake, ba a cikinta ba. In ya zame sai ya sake rungumarta. To, ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin shi zai sa ya gane jirgin da zan ba da labari ko da bai taɓa ganin teku ba.

Kawuna Bakabe ne, ɗan masunta jikan masunta, amma neman abinci ya kai shi Legas, wadda tsofaffinmu ke kira Ikko. Tuƙin mota yake yi, yana zaune wajen Badagry. Ranar da ba aiki sai ya tafi bakin teku ya zauna yana kallon masuntan Egun da na Gana suna tura manyan jiragensu. Waɗannan jirage sai da inji da ƙarti da yawa, shi kuwa shi kaɗai ne. Saboda haka ya ƙudura a ransa zai sayi ɗan ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya da ake kira kayak. Ya yi shekara biyu yana zubin adashi. Matarsa ba ta so ba ko kaɗan, domin ta riga ta sa ran keken ɗinki da kuɗin, kuma ta ce ba ta shirya yin takaba ba. Da na je hutun dogon zango sai na iske maganar ta kai ga zaɓe.

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da arewacin Kanada. Suna haɗa shi da itace ko ƙashi, su lulluɓe da fatar wata dabbar teku, su bar rami guda inda mutum zai zura ƙafafunsa ya zauna a ciki. Idan ya kife, gwaninsu yana iya juyo da shi da filafili ba tare da ya fita ba. Amma wanda bai iya ba, jirgin zai cika da ruwa ya bar shi yana lalube. A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Tim Niemier, a gaɓar Kalifoniya, ya ƙera wani iri wanda jikinsa rufe yake ruf, mutum ya zauna a bisansa. Daga baya aka riƙa yin sa da roba mai kauri, kamfanin Ocean Kayak ya baza shi duniya. Wannan shi ne na zama bisa, watau dai gora ce aka miƙe ta aka yi mata hanci. Akwai 'yan ramuka da suka huda shi daga sama har ƙasa, kowane da bangonsa, don in igiyar ruwa ta watso ta tsiyaye ta nan ba sai an kwashe da ƙoƙo ba.

Wurin wani mai sayar da kayan gwanjo muka sami guda uku. Na zama ciki ba mu daɗe a kansa ba. Sauran biyun ne suka raba mu. Ɗaya gajere ne, ƙafa 10, mai faɗi sosai, da kujera ɗagaggiya kamar ta ofis. Ɗayan ƙafa 13, bai kai wancan faɗi ba, mazauninsa a ƙasa, hancinsa kuma ya ɗan ɗaga sama kamar ayaba.

Kawu yana ganin mai kujera sai ya haye ya zauna, ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya ce, "Kai yaro, dubi nan. A kan wannan har birgi sai in jefa." Na ce, "Kawu, a gulbi kam haka ne." Ya harare ni ya ce tun ban san hannun damana ba yake cikin ruwa. Gaskiyarsa ce, kuma ba a jayayya da babba a gaban mai kaya. Sai na roƙe shi mu jinkirta zuwa gobe, mu je mu ga ruwan tukuna.

Abin da na karanta, wanda kuma idona ya tabbatar mini washegari, shi ne kwanciyar jirgi iri biyu ce. Mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi ba ya motsi a ruwa mai kwanciya, amma yana bin fuskar ruwan ne, in ruwa ya karkata shi ma ya karkata. Wanda ke zaune can sama a kujera kuwa shi ne farkon faɗowa, kamar tulu a kan jaki mai tutsu. Siririn yana ɗan rawa da farko har mutum ya tsorata, amma igiya tana wucewa ƙarƙashinsa, kuma in ya karkata yana da inda yake tsayawa. Ga maganar tsawo. Gajeren jirgi ba ya gudu, kowane bugun filafili sai hancinsa ya waiwaya hagu ko dama. A bakin teku kuwa gudu shi ne rai, domin tsakanin wata igiya da wata 'yan daƙiƙoƙi ne kawai.

Wani dattijo Ba'egun da Kawu ya saba da shi, wanda muke kira Baba, shi ya zaunar da mu kan yashi ya ce mu ƙirga. Ashe raƙuman ruwa ba barkatai suke zuwa ba. Manya za su zo a jere, sa'an nan ruwan ya ɗan lafa, a wannan lafawar ake fita. Gaɓar wajen nan kuma tana da gangare, igiya ba ta karyewa can nesa ta iso a gajiye, a'a, sai ta zo dab da yashi ta miƙe ta faɗi gaba ɗaya, tim! Baba ya ce fita wasa ne, kowa na iya tsaga ruwa da hanci in yana da ƙarfin dantse. Dawowa ita ce magana. Igiya tana ɗaga bayan jirgi, hancin ya nufi ƙasa. In hancin miƙaƙƙe ne sai ya soki ruwa ya kafe a yashi, jirgin ya yi adungure da mai shi. In ɗagagge ne sai ya zame ya wuce. Nan na ga Kawu ya yi shiru yana zane a ƙasa da tsinke.

Baba ya ƙara mana da wasu abubuwa waɗanda ban gani a takarda ba sai daga baya. Mai wayo ba ya hawa gaban igiya, yana bari ta wuce ne ya bi bayanta da sauri. In ta juya ka a kaikaice, ka jingina wajenta, kada ka jingina wajen tudu, ko da zuciyarka na cewa ka guje ta. In kuwa ka faɗa, kada ka yarda ka tsaya tsakanin jirgi da gaɓa, domin ruwa zai ɗauko jirgin ya maka maka a ƙwauri. Jirgin da ya kai kilo 30, ruwa na tura shi, ai ba abin wasa ba ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ƙugiya ce. A ce mutum ya kife, ga sandunan fatsa tsaye, ga zare, ga ƙugiyoyi, ga wuƙa, duk suna juyawa tare da shi cikin kumfa. Shi ya sa masu wannan sana'a a Durban ta Afirka ta Kudu, inda ruwa ke da ƙarfi, suke amfani da jirgi mai dogon rami a tsakiya, su cusa sandunan duka su rufe kafin su shiga igiya. Mai ƙafa 13 ɗin nan yana da murfi a gaba wanda sanda ke shiga. Mai kujera ba shi da shi, sai wuraren soke sanduna har huɗu, waɗanda mai kaya ke ta yabo. A ganina an yi shi ne don tafki, kuma a tafki ba shi da laifi.

Da muka koma, Kawu bai ce mini komai ba, sai ya wuce wurin dogon. Nan fa na ga aikin masunci. Ya kifa shi ya bi gindinsa da tafin hannu yana neman inda jan yashi ya cinye. Ya danna robar da babban yatsa, domin wadda rana ta gasa takan koɗe ta yi tauri ta riƙa tsagewa. Ya leƙa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in gora za ta yi yoyo daga wuya take farawa. Sa'an nan ya sa aka kawo bokiti biyu na ruwa ya ɗura a ciki, muka ɗaga muna duba ƙasa. Ko ɗigo. Mai kaya ya ce bai taɓa ganin mai saye irin wannan ba. Aka yi ciniki, aka haɗa da filafili da rigar hana nutsewa, abin da ya rage a kuɗin bai kai na keken ɗinki ba.

Matar Kawu ta kafa sharaɗi, Baba kuma ya goyi bayanta: ba shiga teku sai damina ta wuce, domin daga Yuni zuwa Satumba ne ruwan ya fi hauka. Sauran kwanakin hutuna a rafin Badagry muka yi su, inda ruwa ke kwance. Kawu yana kifar da jirgin da gangan, ya juyo shi, ya ja cikinsa ya haye, ya sake kifarwa, yara na bakin gaɓa suna ta dariya. Ranar farko sai da ya yi sau biyar kafin ya hau. Kafin in taho yana yi a numfashi ɗaya.

A watan Disamba ya bugo waya gida. Ya fita da asuba, ya kamo barakuda biyu, masu haƙora kamar na kare. Wajen dawowa igiya ta juya shi ta kayar, amma sanduna da kifi suna ciki a rufe, hularsa kaɗai ruwa ya tafi da ita. Ya ce in gaya wa Inna ta aiko masa da wata.