Daga Daura Zuwa Kano da Kawu a Kwance

Bayan la'asar ciwon ya kama Kawu, yana zaune a rumfarsa. Farat ɗaya ya zo. Ya ce ji yake ana yaga masa ƙirji, raɗaɗin kuma ya ratsa har gadon baya, tsakanin kafaɗu. Ya daɗe da hawan jini, amma ba ya shan magani sai in kansa ya sara.

A asibitin da muka fara zuwa, wata matashiyar likita ta auna jininsa a hannun dama, ta sake aunawa a hagu. Tazarar ta haura 20, bugun jijiyar hagun kuma da kyar ake jin sa. Na'urar gwajin bugun zuciya ba ta nuna toshewar jijiyar zuciya ba. Nan take ta hana a ba shi asfirin ko wani maganin tsinka jini, ta rubuta takardar tura mu gaba.

"Baba, Kano za ku tafi, yanzu yanzu. Ina zargin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta tsage."

Har gobe ina yi wa yarinyar nan addu'a. Ciwon yana shigar burtu da kamannin toshewar jijiyar zuciya, maganin wancan kuwa yana iya zama ajali ga mai wannan.

Magariba ta riske mu a Kazaure, isha a Dambatta. Ma'aikacin jinyar da ke cikin motar asibitin bai ɗauke ido daga ƙarin ruwan ba, yana so bugun zuciya ya sauko kusa da 60, awon jini na sama ya tsaya tsakanin 100 da 120. Shi ya bayyana mini abin: bangon jijiyar hawa uku ne, in na ciki ya tsage sai jini ya kutsa tsakani yana ɓanɓare shi, kamar ruwan sama da ya shiga tsakanin katanga da yaɓe. Kowane bugu mai ƙarfi yana ƙara tsagar. Duk ramin da muka faɗa sai gabana ya faɗi, Kawu kuwa salati kawai yake.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka ɗibi jini don duba ƙoda, aka zuba masa rini ta jijiya, aka shigar da shi na'urar hoton CT. Wannan hoton ne ke raba gardama. Likita ya nuna mini wani siririn layi da ya raba jijiyar gida biyu. Tsagar ta tsaya a sashen da ke gangarawa ciki, nau'in B a tsarin Stanford na 1970, wanda galibi da magani ake riƙe shi. Da sashen da ke hawa daga zuciya ne, nau'in A, sai tiyatar gaggawa, domin in an bar shi haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kowace awa a kwanakin farko.

Kawu ya koma Daura da ƙafarsa, da sharaɗin magani kullum da sake hoto lokaci zuwa lokaci. Mai karatu, in naka ya yi kukan irin wannan ciwon, kada ka tsaya kantin magani. Ka kai shi asibiti, ka roƙi a auna hannuwan biyu.