Takardar da ta kwana a Farawa 29

Ina da shekara ashirin da huɗu na rubuta wa Allah sharuɗɗa. A ɗakin kwanan ɗalibai a Zariya na zauna na jera su a bayan wata takarda: mijin da zan aura ya kasance Bahaushe, Kirista, mai digiri, mazaunin birni, wanda bai taɓa aure ba. Na ninke ta na cusa cikin Littafi Mai Tsarki ban duba shafin ba. Sai daga baya na lura ashe a Farawa sura 29 ta kwana, inda Yakubu ya yi wa Laban bautar shekara bakwai saboda Rahila, gari ya waye ya tarar Lai'atu aka kai masa.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai sharuɗɗan ba su yi tsauri ba. To, mu Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan ba mu da yawa. Galibinmu jikokin Maguzawa ne, kuma tun zamanin ƙaramar al'ummar Kirista da ta zauna a Gimi fiye da shekara ɗari da suka wuce, wadda ciwon barci ya ɗaiɗaita, ba mu taɓa sanin yawa ba. Harshe da al'ada muna tarayya da maƙwabtanmu Musulmi, bangaskiya kuwa da mutanen da sukan yi mamaki idan sun ji Bahaushe na zuwa coci. Samarinmu da suka yi karatu sukan tafi Kaduna ko Abuja, can kuma suke samun mata.

Haka wanda na so shekara huɗu ya yi. Katin bikinsa ta hannun ƙanwarsa ya iso mini. Bayansa wani abokin aikina Musulmi, mutumin kirki wanda har yau ban ga aibinsa ba, ya nemi aurena cikin mutunci. Na ce a'a saboda bangaskiyata, na koma gida na yi kuka kwana biyu. Ban taɓa faɗa wa kowa a coci ba, domin na san za a yaba mini ne, ni kuwa ba yabo nake bukata ba.

Daga nan sai jira. Iyayenmu na Zumuntar Mata sukan riƙe hannuna bayan sujada su ce, "Ɗiyata, Allah yana da lokacinsa." Gaskiya suke faɗa, amma gaskiyar da ta fito daga bakin wadda ta yi aure tana da shekara goma sha takwas ba ta da nauyi ɗaya a kunnen mai shekara talatin da biyar. Na kai matsayin da nake addu'a kan komai ban da wannan, kamar yadda mutum kan daina tuna wa babba bashi don kada a ji kunya.

A shekarun nan ne na daina karanta labarin nan da idon Yakubu, na koma karanta shi da idon Lai'atu, wadda ba ita aka zaɓa ba kuma ta san hakan. Littafin bai wanke Laban ba. Yaudara ya yi, kuma ban yarda da wa'azin da ke mai da kowace cuta shirin Allah ba. Sai dai ta tsatson Lai'atu aka haifi Yahuza, kakan Dawuda, zuriyar da Yesu ya fito. Kuma a sura 49, da Yakubu ya zo mutuwa, kogon Makfela ya ce a kai shi, inda shi da kansa ya binne Lai'atu. Wannan bai ba ni miji ba. Abin da ya yi shi ne ya raba mini abu biyu da na daɗe ina haɗawa: dogara ga Allah, da dogara ga cewa zai sa hannu a takardata.

Bara aka mai da ni koyarwa wata makaranta a yankin Kudan. Wata rana mahaifin wata ɗalibata ya zo tambayar dalilin da yarinyar ta ja baya a karatu. Manomin rake ne daga wani ƙauye kusa da Hunƙuyi, yana kuma dafa mazarƙwaila. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce ta bar masa yara biyu, karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. Cikin sharuɗɗana biyar, biyu ya cika. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, abin da masu digiri da yawa ba su iya ba. Bayan wata biyar ya faɗi abin da ke ransa, ya ƙara da cewa, "Malama, ba gaggawa nake ba. Rake ma kusan shekara yake yi a gona."

Inna da ta ji sai ta ce, "Ke da duk karatun nan?" Gwaggona kuwa cewa ta yi in gode Allah in rufe baki. Dukansu ba su tambaye ni ko ina son sa ba. Ina son sa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ban san yadda ake shiga ɗakin da hoton wata ke rataye ba, ban kuma san ko yaran za su taɓa kirana Inna ba. Na roƙi Allah alama, bai ba ni ba.

Ranar Asabar mai zuwa danginsa za su zo gaisuwa gidanmu a Ikara. Na ce su zo. Takardar tana nan a Farawa 29, tawadar ta kusa goge, kuma jiya na ɗauko ta da niyyar yagawa, sai na sake ninke ta na mayar.