Hayaƙin Zauren Inna

Tun ina yaro da tarin Inna nake tashi sallar asuba. Ƙosai take soyawa a zaure kan murhun itace, kuma idan hunturu ya kama sai ta saki buhu a bakin ƙofa saboda iska. Hayaƙin ya rasa hanyar fita, idanunta su kaɗa su yi jajur, ta goge da gefen mayafi ta ci gaba da juya ƙosanta. Mu dai sanyi muke cewa. Citta, kanumfari, zuma, maganin tari na kemis, babu wanda ba ta sha ba.

Shekarar da ta fara dafa bango tana hutawa tsakanin ɗaki da rijiya, tsoro ya kama ni. Da dare ina kwance ina jin ƙirjinta yana shiii, in kasa barci. Aka gwada kakinta, aka ce babu tarin fuka. Na yi murna, don a sanina na lokacin duk tarin da ba na fuka ba mai sauƙi ne. Wata nas ce ta ce mu karɓi takardar zuwa wurin likitan huhu a asibitin koyarwa. Ban ma san akwai likitan da huhu ne kaɗai aikinsa ba.

Da muka je, likitan ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba?" Inna ta yi salati. "To da me kike girki? Tun yaushe?" Ta ce tun kafin a haife ni.

Ya maƙala mata wani ɗan abu a yatsa don auna iskar da ke cikin jininta, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Sannan aka toshe mata hanci, aka ba ta bututu ta busa da iya ƙarfinta. Na ga jijiyoyin wuyanta sun tashi. Aka shaƙa mata magani, bayan minti 15 ta sake busawa. Ya ce da asma ce da hanyoyin iskar sun buɗe sosai. Nata sun ƙuntata, hayaƙi ya ci su, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Sai dai a tsare sauran.

A bakin ƙofa ya riƙe hannuna. Tarin da ya wuce mako 2, in ji shi, a gwada tarin fuka, kyauta ne. Wanda ya haura mako 8, ko jini a kaki, ko haki a aikin da aka saba, ko rama, a nemi likitan huhu. Har yau lissafin shekarun da muka yi muna cewa sanyi ne yana ci mini rai.

Inna ta koyi shaƙa maganinta safe da yamma, tarin ya lafa, amma suya ta ƙare mata. Ƙanwata ce ta gaji kaskon, a fili take suya, kuma da ta fara tari bara, ni da kaina na kai ta.